Lissafin Daimon a Teburin Pool: Ina Ya Yi Gaskiya, Ina Aka Yi Masa Ƙarin Gishiri?

Idan kana bibiyar bidiyoyin koyar da wasan pool a YouTube, da wuya a ce ba ka ci karo da wannan alkawarin ba: ƙirga ɗigogin da ke jikin katakon teburi, raba gida biyu, ka buga, farar ƙwallo za ta je inda kake so. Sukan ce ai lissafi ne, lissafi kuwa ba ya ƙarya. Wannan dabara ita ake kira tsarin daimon, kuma ta haura shekara 80 tana yawo a littattafai kafin ta shigo wayoyinmu.

Yau za mu ɗora ta a kan sikeli. Bari mu faɗa maka hukuncinmu tun yanzu: dabarar tana da amfani ƙwarai, amma dalilin da ake bayarwa na aikinta gurgu ne. Wanda kuma ya haddace ta da wannan gurguwar fahimta, ranar da ya canza teburi ko ya ƙara wa bugunsa ƙarfi zai rasa inda matsalar take.

Me ake magana a kai?

A wajenmu kusan duk teburin da ke da ƙyalle da ramuka shida sunuka ake ce masa. Amma sunuka ta asali, wadda Turawan Ingila suka yaɗa, teburinta ƙafa 12 ne kuma babu ɗigo ko ɗaya a katakonsa. Teburin pool na Amurka shi ne mai ɗigogin. Na gasa ana ce masa mai ƙafa 9, filin bugunsa santimita 254 ne a tsawo, 127 a faɗi, wato tsawon ya ninka faɗin sau biyu cif. An raba dogon gefe kashi 8, gajeren gefe kashi 4, tsakanin kowane ɗigo da na kusa da shi santimita 31.75. Ana ce musu daimon ne saboda a da siffar lu'ulu'u ake yi musu, ko da yake yanzu da yawa zagayayyu ne. Ana danganta sanya su a jikin teburi ga Michael Phelan, ɗan asalin Ayalan da ya yi suna wajen wasan da ƙera teburansa a birnin New York a ƙarni na 19.

Bugun da muke magana a kansa shi ne wanda farar ƙwallo ke fara taɓa robar gefen teburi kafin ta je ga ƙwallon da kake hari. Mu kira shi bugun gefe. Ba don ado ake yin sa ba. A wasan ƙwallo tara, dole fara ta soma taɓa ƙwallon da ta fi ƙaramar lamba a kan teburi. Abokin karawarka ya san haka, sai ya ɓoye maka ita a bayan wasu. Idan ka kuskure, laifi ne: zai ɗauki fara da hannunsa ya ajiye duk inda ya ga dama, kuma ƙwararre ba ya barin irin wannan dama. Ka yi laifi uku a jere, an cinye ka wannan zagayen. Ka ga ke nan bugun gefe ɗaya na iya raba gardama a wasan da aka yi awa biyu ana fafatawa.

Dabarar madubi

Mafi sauƙin tsarin shi ne na gefe ɗaya. Sa wa ramin kusurwa lamba 0, ka ƙirga daimon daga nan: 1, 2, 3, ramin tsakiya ya zama 4, har zuwa 8. Idan fara tana kan layin da ya taso daga lamba 4 a gefen da kake tsaye, ka auna lamba 2 a gefen da ke fuskantarka, za ta dawo 0, wato ramin kusurwa. Daga 6 ka auna 3. Daga 2 ka auna 1. Idan daga 5 kake kana so ta sauka a 1, haɗa su ka raba biyu, ka auna 3. Shi ke nan.

Tushen wannan kuwa dokar madubi ce: kusurwar da haske ya faɗa wa madubi da ita, da ita yake tashi. Doka ce tsohuwa mai inganci, wadda Ibnul Haisam ya yi dogon bincike a kanta a littafinsa Kitabul Manazir shekara kusan dubu da ta wuce. Masu bidiyo sai suka ce roba madubi ce, ƙwallo kuma haske. To a nan gizo ke saƙar.

Ƙwallo ba haske ba ce

Haske ba ya birgima, ba ya gugar madubi, ba ya lotsa shi. Ƙwallon pool kuwa tana da nauyin giram 156 zuwa 170, faɗinta milimita 57, kuma duk ukun nan tana yi. Don mu fahimci juna, idan ƙwallo ta tashi daga roba ta wuce inda madubi ya ce za ta sauka, za mu ce ta buɗe. Idan ta sauka kafin wurin, ta tsuke. Ga abubuwa huɗu da ke faruwa a ɗan lokacin nan da bai kai ƙiftawar ido ba.

Na farko, roba tana cin wani kaso na ƙarfin. Gudun da ƙwallo ta shiga roba da shi kai tsaye ba ya dawowa duka. Mu ƙaddara roba ta mayar da kashi 75 cikin 100 na wannan gudun, gudun da ke bin tsawon gefen kuma bai ragu ba. Ƙwallon da ta shiga a kan digiri 45 za ta fita a kan digiri 53 idan aka auna daga layin da ya miƙe daga jikin robar. Bambancin digiri 8 ke nan, ta buɗe.

Na biyu, akwai guga tsakanin ƙwallo da ƙyallen da ya lulluɓe robar. Wannan gugar tana rage gudun da ke bin tsawon gefen, sai ƙwallo ta tsuke. Tana kuma sa mata juyin gefe wanda ba ta zo da shi ba, kuma wannan juyin zai yi tasiri idan ta isa gefe na biyu.

Na uku, kuma shi ya fi ban sha'awa, shi ne birgima. Ƙwallon da ke birgima ta doki roba, alkiblar tafiyarta ta juya, amma wani kaso na juyin birgimar yana nan yana kallon inda ta dosa da farko. Sai ta ɗan yi sulɓi a kan ƙyalle, ƙyallen yana jan ta zuwa inda juyin ke so, hanyarta ta lanƙwasa, ta buɗe. Ba sabon ilimi ba ne wannan. Gaspard-Gustave Coriolis, masanin lissafin nan na Faransa da ake ambaton sunansa a darasin iska da juyawar duniya, ya wallafa littafi sukutum a kan lissafin wasan biliyad a 1835, inda ya nuna cewa ƙwallon da ke sulɓi da juyi a jikinta lanƙwasasshiyar hanya take bi har sai ta koma birgima sosai. Idan kuma ka bugi fara daga ƙasa ta isa roba tana juyin baya, lanƙwasar sai ta koma ɗaya ɓangaren, ta tsuke.

Na huɗu, ƙarfin bugu. Bugu mai ƙarfi yana nutsa ƙwallo cikin roba, kuma ba ya ba ta lokacin yin wancan lanƙwasar kafin ta tsallaka teburi. Shi ya sa bugu mai ƙarfi ke tsukewa, mai taushi ke buɗewa, alhali wuri ɗaya aka auna.

Ba mu ma taɓo juyin gefe da kan sanda ke sawa ba. Ka kauce wa tsakiyar fara kaɗan zuwa ɓangaren da za ta nufa bayan roba, ta buɗe. Ka kauce ɗaya ɓangaren, ta tsuke. Mai koyo kuwa sau da yawa yana sa wannan juyin ba tare da ya sani ba.

To me ya sa dabarar ke aiki?

Tambaya ce mai kyau, domin tana aiki ɗin. Amsar tana cikin wani abu da yawancin bidiyoyi ke tsallakewa: ina daimon ɗin yake zaune?

Ba a bakin roba yake ba. A ƙa'idar teburin gasa, tsakiyar daimon tana bayan bakin roba da kusan santimita 9.4. Ita kuma ƙwallo, lokacin da ta taɓa roba, tsakiyarta tana gaban bakin robar da kusan santimita 2.9, rabin faɗinta. Wato tsakanin layin daimon da layin da ƙwallo ke juyowa a kansa akwai tazarar santimita 12 da ɗoriya. Idan ka shigo a kan digiri 45, bambancin auna daimon ɗin kansa da sa ƙwallo ta taɓa bakin robar da ke daidai da shi ya kai wannan santimita 12 ɗin a tsawon gefe, fiye da sulusin tazarar daimon guda. Mutum biyu za su ce "na auna lamba 2", alhali wurare biyu daban suka doka.

Yanzu haɗa biyun. Wanda ya auna daimon ɗin kansa, ƙwallonsa za ta taɓa roba da wuri, kafin inda madubi na gaskiya zai so. Wannan kuskure ne mai sa tsukewa. Ƙwallon da ke birgima a matsakaicin gudu kuma buɗewa take yi. Kuskure biyu masu adawa da juna, sai suka kashe juna, ƙwallo ta faɗa rami, mai bidiyo ya ce ka gani, lissafi. Masu binciken wasan irin su David Alciatore, injiniyan da ya koyar a Jami'ar Jihar Colorado kuma ya rubuta littafi a kan kimiyyar pool a 2004, sun daɗe suna jaddada wannan sharaɗi: auna daimon kai tsaye na ƙwallo mai birgima ne, bugu mai ƙarfi kuma ma'auninsa daban.

Wannan kashe juna yana da iyaka. A ƙananan kusurwoyi da matsakaita yana tafiya daidai. Da kusurwa ta yi faɗi sosai, buɗewar sai ta rinjayi gyaran. Da ka ƙara ƙarfi, buɗewar ta ragu, tsukewar ta rage ita kaɗai. Wanda aka koya wa cewa roba madubi ce ba shi da abin da zai fassara wannan da shi, sai ya ce hannunsa ne ya karkace ko teburin ne ba shi da kyau.

Kuskuren nawa ne ya yi yawa?

Za ka iya cewa ai digiri biyu ko uku ba wani abu ba ne. Mu auna mu gani. Don fara ta taɓa ƙwallon hari, ko da shafa ce, dole tsakiyarta ta wuce cikin santimita 5.7 daga tsakiyar waccan, hagu ko dama. Kuskuren digiri 1 a tafiyar mita 2 yana kautar da ƙwallo da santimita 3.5. Ke nan idan ƙwallon hari tana nesa da roba da mita 2, kuskuren da ya ɗan haura digiri ɗaya da rabi ya isa ka wuce ta fayau. A ma'aunin daimon, wannan santimita 5.7 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na tazarar daimon guda ba. Kowane ɗaya daga cikin abubuwa huɗun da muka lissafa zai iya cinye wannan ɗan rarar shi kaɗai.

Tsarin da ya tona asirin kansa

Akwai wani tsarin da ya fi wannan suna, na gefe uku, wanda ake kira kusurwa-biyar. Shi ne aka bayyana a littafin Willie Hoppe na 1941, gwarzon Amurka da ya ci kambun duniya 51 tsakanin 1906 da 1952. Shi ne kuma kamfanin Disney ya nuna wa yara a fim ɗin Donald in Mathmagic Land na 1959, a matsayin misalin yadda lissafi ke ɓoye cikin wasa.

Ga yadda yake. Idan fara tana kusurwa, lambarta 5. Daimon na dogayen gefuna biyu ana ƙirga su daga can ƙarshen teburi, 1, 2, 3. Ka cire lambar inda kake so ta sauka a gefe na uku daga lambar fara, abin da ya rage shi za ka auna a gefe na farko. Kana so ta sauka a 2? Biyar a cire 2, ka auna 3. Kana so ta sauka a 3, ka auna 2.

Yanzu ɗauki takarda ka zana teburi mai tsawo 8 da faɗi 4, ka bi dokar madubi zalla daga kusurwa. Idan ka auna 3, madubi ya ce za ta sauka a 2, tsarin ma ya ce 2. Madalla. Ka auna 2, madubi ya ce 4, tsarin ya ce 3. Ka auna 1, madubi ya ce 6, tsarin ya ce 4, bambancin daimon biyu cur. A wuri ɗaya tak suka yi daidai. Kuma a kan teburi na gaske, da juyin gefe mai bin hanya da matsakaicin ƙarfi kamar yadda tsarin ya shar'anta, maganar tsarin ce ta fi kusa da abin da ido ke gani.

Ka ga abin da wannan ke nufi? Tsarin kusurwa-biyar bai fito daga dokar madubi ba. 'Yan wasa ne suka yi ta bugu suna lura, sannan suka nemo lambobin da suka dace da abin da ƙwallo ke yi. Shi ya sa lambobin fara ba su tafiya bai ɗaya: a dogon gefe rabi-rabi suke raguwa, 4½, 4, 3½, a gajeren gefe kuma ɗaya-ɗaya suke ƙaruwa, 6, 7, 8. Wannan ba aibi ba ne. A kimiyya ma akwai ƙa'idoji da yawa da aka samo ta gwaji kafin a san dalilinsu. Aibin shi ne a sayar da irin wannan ƙa'ida da sunan dokar da ba ta canzawa.

Akwai kuma batun aro. Hoppe ɗan wasan karom ne, biliyad marar rami, kuma a kan wannan teburin aka gina tsarin. Teburin karom na gasa mita 2.84 ne a 1.42, ƙwallayensa sun fi girma, milimita 61.5, ƙyallensa ya fi santsi, har ɗumama teburin ake yi da lantarki don a kori danshi. Ka ɗauko lambobin da aka auna a can ka kawo kan teburin pool, dole sai da gyara.

Teburinka fa?

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san mudu suna ne kawai, na wannan kasuwa ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba. Haka daimon yake. Sabon ƙyalle mai santsi yana sa ƙwallo ta buɗe. Tsohon ƙyalle mai datti, ko ɗaki mai danshi, yana ƙara guga, ƙwallo ta tsuke. Ke nan teburi ɗaya na iya ba ka amsa biyu, ɗaya a watan Agusta ana tsakiyar damina, ɗaya a Janairu lokacin da iska ta bushe. Tsayin bakin roba ma yana da ƙa'ida, kusan kashi 63.5 cikin 100 na tsayin ƙwallo. Ya yi ƙasa, ƙwallo ta riƙa tsalle. Ya yi sama, ya danne ta, dawowarta ta mutu. Idan teburin unguwarku kafinta ne ya haɗa shi, ɗigogin na iya zama ado kawai. Kafin ka dogara da su, sa tef ka auna: tsawon ya ninka faɗin? Tazarar ɗigogin ɗaya ce?

Abin da ya kamata a yaba

Kada ka ɗauka muna cewa a watsar da tsarin. Wanda ke buga bugun gefe da ka kawai, idan ya kuskure bai san me zai gyara ba, domin ba shi da abin kwatance. Mai tsari kuwa yana da layin farko. Ya san ya auna 2 daga 4, ya ga ta tsuke da rabin daimon, ya samu labari a kan teburin da kuma hannunsa. Nan ne ainihin darajar daimon: ma'auni ne da ke mayar da kuskure darasi.

Don haka ga yadda za ka ci moriyarsa. Kafin wasa, buga daga 4 zuwa 2 sau biyar, a tsakiyar fara, da ƙarfin da zai sa ta birgima ta isa ramin ba tare da hayaniya ba. Lura da inda take sauka. Sake yi da ƙarfi sosai, ka ga nawa ta tsuke. Sake yi daga 8 zuwa 4, ka ga yadda faɗin kusurwa ke canza amsar. Kowane lokaci abu ɗaya za ka canza, kamar yadda ake yi a ɗakin gwaji. Minti biyar sun isa ka san mudun wannan teburin. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ka kuma riƙe cewa taɓa ƙwallon hari rabin aiki ne. A matakin ƙwararru, tambayar ita ce wane gefenta za ka taɓa, da wane ƙarfi, kuma ina ƙwallayen biyu za su tsaya. A wasan ƙarshe na gasar Sands Regency a birnin Reno a 1995, Efren Reyes na Filifin ya fita daga tarko a karawarsa da Earl Strickland da bugun gefe biyu da ya ratsa teburi kamar harafin Z, har ƙwallon hari ta faɗa rami. Har yau ana kallon bidiyon. Irin wannan bugu yana buƙatar sarrafa ƙarfi da juyi, abubuwa biyu da babu lambarsu a jikin katako.

Saboda haka idan ka sake ganin bidiyon da ya yi maka alkawarin tsarin da ba ya kuskure, yi masa tambaya uku. Da wane ƙarfi? Da wane juyi? Daimon ɗin ake aunawa ko bakin roba? Wanda ya amsa ukun nan ya san abin da yake koyarwa, ka tsaya ka saurare shi. Wanda ya ce maka kusurwar shiga ita ce ta fita ya tsaya nan, darasin haske ya ba ka, kai kuma ƙwallo za ka buga.